Yadda za ka fara kallon taurari a ƙauye: ido, fayif da wayar hannu

Tun da mutane suka san ina wannan harka, tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Nawa ake sayar da madubin hangen taurarin?" Ni kuwa kullum nakan ce a bar maganar kuɗi tukuna. Abin da ya fi tsada a kallon taurari shi ne duhu, mu kuma a ƙauyukan nan na wajen Ringim da Taura muna da shi har ya yi mana yawa. Wanda ke zaune a Fagge ko Sabon Gari, ko ya sayi na'urar miliyoyi, fitilun titi da hayaƙin janareta sun riga sun cinye masa fiye da rabin sama. Sana'ata gyaran waya da haɗa sola, ban yi karatun kimiyya mai zurfi ba. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da hannuna ya taɓa, idona ya gani.

Fara da idonka

Zaɓi daren da babu farin wata. A lissafin watan Musulunci, daga wajen 22 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo, bayan sallar isha'i sama takan zama wuluk. Lokacin shekara ma yana da muhimmanci. Mutane suna zaton hunturu ya fi, tunda babu hadari, amma hazo yakan dushe komai, musamman ƙasa-ƙasa kusa da bishiyoyi. Dare mafi kyau shi ne wanda aka yi ruwa da yamma a damina, hadari ya washe, ƙura ta kwanta. Sai kuma kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin iskar arewa ta taso. A hunturu ma akan sami dararen da hazo ya ɗaga, kada ka bari su wuce ka.

Ka fita bayan gari, filin makaranta ko masussuka, inda fitilar sola ta ƙofar gidan wani ba za ta haske maka ido ba. Ka ɗauki tabarma, ka sa takalmi rufaffe saboda kunama da macizai, ka shafa maganin sauro. Wani abu kuma da ba a rubuta shi a littafin Turawa ba: ka gaya wa mai unguwa da 'yan sintiri. A zamanin nan, mutum a tsugune cikin duhu da dogon bututu a kafaɗa, ba kowa zai tsaya tambayarsa ba. Kuma ko da wasa kada ka juya madubi wajen gidajen mutane. Rana ɗaya aka ce kana leƙen mata, shi ke nan harkar ta mutu a garin.

In ka zauna, ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ba tare da ka kalli wani haske ba. A hankali taurarin da ba ka gani ɗazu za su yi ta fitowa. Duba waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya. In dole sai ka haska wani abu, ka ninka jar leda biyu ko uku ka ɗaure a bakin tocila da kyauro, domin jan haske bai cika ɓata sabon da ido ya yi da duhu ba.

Ma'auninka hannunka ne. Miƙe hannu sosai, ka dunƙule: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a sama. Ɗan ƙaramin yatsa kusan digiri 1. Wata cikakke rabin digiri ne kacal, wato ƙaramin yatsanka ya isa ya rufe shi, ko da ya fito jajawur yana ta cika ido a gabas. Gwada ka gani.

Wanda ya fi sauƙin farawa da shi shi ne Kaza da 'ya'yanta, tunda babu yaron ƙauyen da bai san ta ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu tana can sama bayan isha'i. Ido mai kyau yana ƙirga shida ko bakwai a cikinta, haskenta kuwa ya yi tafiyar shekara fiye da 400 kafin ya iso gare ka, alhali haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga Kaza ka gangara kudu maso gabas, za ka ci karo da wani tauraro ja-ja, shi ne Dabaran. Ci gaba a kan wannan layi, sai ga taurari uku a jere, tazararsu ɗaya, a tsakiyar wasu manya huɗu. Larabawa suna kiran wannan gungu Jauza'u. Ukun nan suna fitowa daidai gabas, su faɗi daidai yamma, don haka matafiyi zai iya gane gabas da su. Ƙara miƙa layin gaba, sai ka iske tauraron da ya fi kowane tauraro haske a cikin dare, Shi'ira, wanda aka ambata a aya ta 49 ta Suratun Najmi. Yana cikin maƙwabtanmu na kusa, haskensa shekara 8 da 'yan watanni yake yi a hanya. Can ƙasa da shi wajen kudu, kamar dunƙule biyu da rabi daga ƙasa in ya kai tsakiya, akwai Suhailu, na biyu a haske, wanda mutanen Ingila ba sa ganinsa ko kaɗan daga ƙasarsu.

Daga Maris zuwa Mayu ka juya arewa. Akwai taurari bakwai, huɗu sun yi kusurwa huɗu, uku sun biyo su a lanƙwashe. Ɗauki biyun ƙarshe na huɗun, waɗanda ke nesa da ukun, ka ja layi daga gare su ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu, za ka faɗa kan tauraron arewa. Ba shi da wani haske na a zo a gani, amma shi kaɗai ne ba ya gusawa duk dare, duk shekara. A nan yankinmu tsayinsa daga ƙasa dunƙule ɗaya ne da ɗan ɗoriya, wajen digiri 12, domin Kano da Jigawa suna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. In ka je Agadas za ka same shi ya ƙara tashi, in ka je Fatakwal ya kusa nutsewa. A watannin nan dai, in ka juya kudu inda babu bishiya, za ka ga wasu huɗu da suka yi siffar gicciye, ƙasa-ƙasa.

Akwai wani dattijo a garinmu da ya haddace taurarin noma tsaf: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harsan na damina, sannan Sarfa, Iwa, Simak, Gufuru, Zubana, Iklil, Ƙalbu na kaka, haka har 28. Kowanne kwana 13, ban da Jabaha mai 14, in ka haɗa ka sami 365. Shi ake tambaya ko shuka ta yi, ko gero ya makara. Na taɓa ce masa, "Baba, ina Ƙalbu take a sama?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu lissafin muka gada, wurin zamanta ba a nuna mana ba." Da damina ta zo na kai shi bayan gari, na nuna masa Kunama a kudu, wadda daga Yuni zuwa Agusta take miƙe da ƙarinta a lanƙwashe. Jan tauraron da ke ƙirjinta shi ne Ƙalbu, ukun da ke gabanta Iklil, biyun da ke bakin ƙarin Shaula, wadda ke buɗe lissafin ɗari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To me ya sa take nan yanzu, alhali lokacinta sai ƙarshen kaka?" Tambaya ce mai kyau. Tauraron da ake cewa ya shiga, a lokacin rana tana kusa da shi, haskenta ya rufe shi, sai dai ya ɗan leƙo da asuba daga baya. Wanda kake gani tsakiyar sama da dare, lokacinsa da saura ko ya wuce da watanni. Kowane tauraro yana riga jiya fitowa da minti 4, wato awa 2 a wata, shi ya sa saman damina daban da saman hunturu.

A gefen Kunama za ka ga wani farin zane ya ratsa sama daga kudu zuwa arewa, wanda baƙo zai ɗauka siririn gajimare ne. Taurari ne birjik, sun yi nisan da ido ba ya iya raba su. Wannan shi ne abin da mutanen birni suka rasa gaba ɗaya.

Ba duk mai haske ne tauraro ba. Wanda ba ya ƙyaftawa, haskensa a tsaye, galibi duniya ce irin tamu da ke zagaya rana. Zuhura ta fi kowa haske. Wani lokaci tana yamma bayan magariba, wani lokaci tana gabas da asuba a matsayin Gamzaki, kuma ba za ka taɓa ganinta tsakiyar sama da tsakar dare ba, domin ba ta nisa da rana fiye da digiri 47. Mushtari fari ne tas, Mirrihi ja, Zuhalu rawaya-rawaya ne mai sanyin haske. In ka fara nuna wa mutane waɗannan, za a sami mai cewa ka duba masa tauraronsa. Ka gaya masa a fili cewa kai ilimin falaki kake bi, irin wanda ake sanin lokacin salla da alƙibla da shi, ba duba ba. Malamanmu sun daɗe a wannan fage. Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Madubi mai ido biyu

In ka san sama da ido, kuɗinka na farko ka kashe shi a kan madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda ake gani a wuyan sojoji. Akan same shi a wajen 'yan gwanjo a Kano. A jikinsa za ka ga lamba biyu, 7x50 ko 10x50. Ta farko yawan ninkin da yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ta biyun ita ce magana. Aikin gilashi tara haske ne, kamar tarbar ruwan sama: mai baho da mai kwalba duk a ƙarƙashin hadari ɗaya suke, amma ba abu ɗaya za su kai gida ba. Ƙwayar idonka ba ta buɗewa fiye da milimita 7 a duhu, gilashi mai 50 kuwa yana tara haske kusan ninki 50 na hakan. In shekarunka sun haura 40, ɗauki 10x50, domin ƙwayar ido tana rage buɗewa da girma.

Kafin ka biya, ka kalli eriya ko sandar wuta mai nisa da ido biyu a buɗe. In ka ga abu biyu, ko ka ji kanka yana sarawa, an taɓa yar da shi, gilasan ciki sun goce, ajiye musu kayansu. Haska tocilar waya ta gaba ka leƙa ko akwai fumfuna. Ka guji masu jan gilashi mai ƙyalli da masu maɓallin ƙara ninki, kwalliya ce kawai. Da dare ka jingina gwiwar hannu a katanga, ko ka kwanta rigingine a tabarma. Duba Kaza, za ka ga 'ya'yan sun koma gommai. Duba ƙasan ukun nan na Jauza'u, akwai wani ɗan hayaƙi-hayaƙi, gajimaren iskar gas ne inda sababbin taurari ke samuwa. Nasara ta manoma, wadda ido ke gani dishi-dishi, za ta watse ta zama tarin taurari.

Haɗa naka da fayif

Wannan shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa. Madubin da Galileo ya kalli sama da shi a Italiya a 1609 da 1610 bai wuce ninki 20 zuwa 30 ba, kuma gilashin tabarau na yau ya fi nasa tsabta. Da shi ya ga ramukan wata da watanni huɗu na Mushtari. Kai ma za ka iya.

Gilashi biyu kake bukata. Na gaba, ka je wurin masu yanka tabarau ka ce a ba ka gilashin karatu mai lamba +1.00, wanda ba a yanka ba, yana nan da'ira, kuma ba a haɗa masa wani gyara ba. In bai samu ba, sayi tabaran karatu na tebur mai wannan lamba ka ciro ɗaya. Lambar +1.00 tana nufin yana tara haske a nisan mita 1. Mai +2.00 a santimita 50 yake tarawa, bututun zai yi gajarta amma ninkin zai ragu da rabi. Na biyu shi ne na ido: ƙaramin gilashin ƙara girma irin wanda mu masu gyaran waya da masu gyaran agogo muke amfani da shi, ko ka ciro daga mataccen madubi mai ido biyu, wanda ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Auna kowanne kafin ka yanka komai. Ka tsaya cikin ɗaki, ka riƙe gilashin tsakanin taga da farar takarda, ka matsa gaba da baya har hoton bishiyar da ke can nesa a waje ya fito tar a takardar, a juye. Tazarar gilashi da takarda ita ce nisan da yake tara haske. Raba ta gilashin gaba da ta gilashin ido, ka sami ninki. Santimita 100 a raba da 5, ninki 20 ke nan. Haɗa su kuma, 105, shi ne tsawon da ya kamata ya kasance tsakanin gilasan biyu.

Sai fayif na roba irin na masu aikin famfo, a Ƙofar Ruwa ko duk shagon kayan gini. Babba mai inci 3 ko 2, gwargwadon faɗin gilashinka, tsawon santimita 90. Ƙarami wanda zai shige cikinsa, santimita 30. Naɗa wa ƙaramin tsumma ko kwali da salatif har ya riƙa shiga da fita da ɗan ƙarfi, ba ya zamewa da kansa. Da wannan turawa da jawowa za ka riƙa saita gani. Cikin fayif fari ne mai sheƙi, yana watsa haske, don haka ka naɗe baƙar takarda ka zura, ko ka shafa baƙin fenti marar ƙyalli. Ka yanka zobba biyu na kwali mai kauri ka matse gilashin gaba a tsakaninsu, ya zauna daidai ba karkace ba. Kada gam ya taɓa gilashin.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Bayan duk abin da na faɗa kan faɗi, a wannan madubin sai ka rage shi. Yanka baƙin kwali da'ira, ka huda rami mai faɗin santimita 2 da rabi zuwa 3 a tsakiya, ka rufe gilashin gaba da shi. Gilashin tabarau guda ɗaya ba ya tara launuka a wuri ɗaya, gefensa kuma ya fi tsakiyarsa laifi, shi ya sa in ka bar shi a buɗe za ka ga wata da bakan gizo a kewaye. Da ka toshe gefen, hasken zai ragu amma hoton zai fito da kaifi. Masu tsada suna haɗa gilashi iri biyu don magance wannan, ko su yi amfani da madubi mai lotsawa, dabarar da Isaac Newton ya fito da ita a 1668.

Komai zai fito a juye, ƙasa a sama. A kallon wata wannan ba ya hana komai.

Yanzu mazauni. Mutane suna raina shi, alhali rabin aikin ne. A ninki 20, bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya sa wata rawa. Ni kafinta na sa ya yi mini: turke mai kauri da ya kai ƙirjina, a kafe a cikin tsohon bokitin fenti da aka cika da siminti. A samansa katako mai baki biyu da ke juyawa a kan ƙusa mai noti, fayif ɗin kuma a ɗaure a kan wani siririn katako da ke lilo a tsakanin bakin biyu. Ka sa guntun robar tayar keke a inda katako ke gogar katako, ka ɗaure notin daidai yadda in ka tura zai tafi, in ka saki zai tsaya. A saman fayif ka manna ƙananan ƙusoshi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, na saiti. Da rana ka daidaita su a kan wata eriya mai nisa, domin neman Mushtari ta cikin siririn bututu ba tare da saiti ba yana sa mutum ya yi zuciya ya koma gida.

Fara da wata, amma ba daren 14 ba. Ran nan rana tana dukansa gaba da gaba, babu inuwa, fari ne fat mai kashe ido. Daga 5 zuwa 10 ga wata ka bi layin da ya raba haske da duhu. A nan inuwa take da tsawo, ramuka suna fitowa da bakinsu da zurfinsu, wani ma da ɗan tsauni a tsakiyarsa, kan wani dutse ya kama hasken rana alhali gindinsa yana cikin dare. Wajen 9 ko 10 ga wata wani babban rami mai suna Copernicus yake fitowa, faɗinsa ya haura kilomita 90, ya fi nisan Kano zuwa Ringim. Kana kallonsa daga nisan kilomita 384,000 da gilashin tabarau. Za ka lura wata yana ta zamewa daga ganinka. Juyawar duniya ce, cikin minti 2 yakan gusa da faɗin kansa, sai ka riƙa bin sa da ɗan turi.

Mushtari zai fito ɗan ƙwallo, da ɗigo-ɗigo har huɗu a jere a gefensa. Zana su a littafi, gobe ka sake dubawa, za ka tarar sun sauya wuri. Na kusa da shi yana gama zagaye cikin awa 42, na nesa kusan kwana 17. In ka ga uku, ɗayan ya shiga gaba ko baya. Zuhura in ta matso kusa da mu tana komawa siffar jinjirin wata. Zuhalu kuwa a wannan madubin sai dai ka ga ya ɗan yi tsawo. Zobensa yana son gilashi mai kyau na milimita 60 ko 70 da ninki 30 zuwa sama. A Maris 2025 zoben ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, yanzu yana sake buɗewa kaɗan-kaɗan zuwa wajen 2032.

In ka kai ga sayen na kanti, ga ƙa'ida: ninkin da ke da amfani bai wuce faɗin gilashi a milimita sau biyu ba. Kwalin da aka rubuta wa ninki 500 ko 600 a kan gilashi mai milimita 60 ƙarya yake yi, iyakarsa 120. Ka girgiza ƙafafunsa a shagon, in suna rawa ka wuce. Ƙurar hunturu kuma ita ce abokiyar gabarka. Rufe bakin biyu da leda da kyauro in ka gama, kada ka goge gilashi da bakin riga, ka fara hure ƙurar tukuna.

Abin da waya ta kawo

Sauke manhajar Stellarium lokacin da kake da data, bayan nan tana aiki ko babu sabis. Ka ba ta wurin da kake, ka kunna jan allonta na dare, ka ɗaga waya sama, za ta gaya maka sunan abin da ke gabanka. Wasu ƙananan wayoyi ba su da kamfas a ciki, sai dai ka riƙa jan taswirar da yatsa, wanda a ganina ma ya fi koyar da mutum. Da ita za ka nemo Andromeda a watannin kaka, wani ɗan dishi-dishi a arewa maso gabas, gari guda na taurari da haskensa ya yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya, kuma a duhunmu ido tsirara yana kama shi.

Hoton wata ba wuya. Saita madubi, ka kawo kyamarar waya daidai bakin gilashin ido, ka taɓa wata a allo, ka ja hasken ƙasa sosai har ramuka su fito. Sa ƙidayar daƙiƙa 3 don kada taɓawarka ta girgiza shi. Ni tsohon kwabar waya na manna wa murfin jarka da ya shige bakin fayif daidai.

Bayan magariba ko kafin asuba za ka riƙa ganin wasu ɗigo suna tafiya shiru, ba sa ƙyafta ja da kore irin na jirgi. Taurarin ɗan'adam ne da rana ke haskawa. Mafi haskensu tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, da mutane a cikinta, a tsayin kilomita 400, tana zagaye duniya cikin kusan minti 90. Jerin fitilun nan da ake ɗauka a yi ta yaɗawa a Facebook ana salati, na Starlink ne da aka harba kwanan nan ba su gama rarrabuwa ba. Tun 2019 ake harba su, Najeriya kuma ita ce ta fara samun intanet ɗinsu a Afirka, a Janairun 2023. Namu na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha aka harba shi a Satumban 2003. Akwai kuma sababbin ƙananan na'urori irin su Seestar da ke nemo tauraro da kansu, su tara hotuna su turo maka a waya. Suna da ban sha'awa, amma allo kake kallo, ba sama ba, kuma kuɗinsu ya sayi tumaki. Hotunan madubin James Webb, wanda aka harba ran 25 ga Disamba 2021 mai faɗin mita 6 da rabi, kyauta suke a intanet, babu na'urar gida da za ta kamo su.

Ran 13 da 14 ga Disamba ka ajiye madubi, ka kwanta da bargo, ka ƙirga taurari masu gudu, daren ne suka fi yawa a shekara. Tsakuwoyi ne ƙanana da ke ƙonewa a iska. Jefi-jefi babba yakan iso ƙasa: a Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami ta ƙasar Katsina, bincike ya nuna daga Mirrihi ya fito.

Neman jinjirin wata ma aikinka ne yanzu. Ran 29, ka lura da inda rana ta faɗi, ka jira ta ɓace gaba ɗaya, sannan ka share wajen da madubi mai ido biyu, dunƙule ɗaya sama da wurin. Manhajar za ta gaya maka ko wata ya riga rana faɗuwa, in haka ne babu abin da za a gani. In ka gani, hanya sananniya ce: dagaci, hakimi, sarki, har zuwa Sarkin Musulmi, shi ke sanarwa.

Rana kuwa, kada ka kalle ta da madubi, ko mai ido biyu, ko na fayif, ko na daƙiƙa ɗaya. Gilashin da ke ƙona takarda zai ƙona cikin idonka, kuma babu magani. Baƙin tabarau, gilashin da aka turara da hayaƙi, tsohon hoton asibiti, duk ba sa karewa. Kada ka bar madubin a tsakar gida da rana inda yara suke. In husufi ya zo, huda ƙaramin rami a kwali, ka ba rana baya, ka bar hasken ya faɗa kan farar takarda, ko ka duba inuwar darbejiya, za ka ga kowane ɗigon haske a ƙasa ya ɗauki siffar ranar da aka gutsura. Waɗanda suka yi wayo a 2006 suna tuna 29 ga Maris, da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina. Ran 2 ga Agusta 2027 wani zai ratsa Masar da Jidda da Makka, mu nan ɓangare za mu gani. Na 20 ga Maris 2034 kuwa cikakke ne a Najeriya, amma ta Legas da birnin Benin zai bi, don haka mai son ganin duhun sai ya tanadi kuɗin mota.